Kujerar da darakta ya bari: daga Hollywood zuwa Upper Iweka

A ranar 31 ga Oktoban 2016 ne labari ya ɓulla daga Los Angeles cewa Rick Famuyiwa ya ajiye aikin ba da umarni a fim ɗin The Flash, tun bai cika wata biyar da karɓarsa daga kamfanin Warner Bros. ba. Famuyiwa ɗa ne ga 'yan Najeriya da suka yi ƙaura zuwa Amurka. A garin Inglewood na jihar Kalifoniya ya tashi, kuma fim ɗinsa mai suna Dope, wanda ya fito a 2015, shi ya jawo masa hankalin manyan kamfanoni. An riga an tsayar da watan Maris na 2018 a matsayin lokacin da The Flash zai shiga sinima. An zaɓi Ezra Miller ya fito a matsayin Barry Allen, sadaukin da gudunsa ya fi ƙiftawar ido, shi kuma Famuyiwa ya kawo Kiersey Clemons, wadda ya yi aiki da ita a Dope, ya ba ta matsayin Iris West. Saura 'yan watanni a kunna kyamara, sai aka wayi gari kujera ba kowa.

Dalilin da aka bayar shi ne wanda Hollywood ta saba bayarwa: saɓanin ra'ayi kan alƙiblar fim. A takardar da ya fitar, Famuyiwa ya gode wa kamfanin, ya ce ya gabatar da fim ɗin da ya dace da muryarsa da irin barkwancinsa, amma bakinsu bai zo ɗaya ba. Jaridun masana'antar suka ƙara da cewa shi labari mai ɗan kaifi yake so, kamfani kuwa bai aminta ba. Duk wanda ya yi shekara goma yana hawa da sauka a Sakatariyar Tarayya ya san irin wannan harshe. Shi ne harshen takardar sauyin wurin aiki, wadda ake rubutawa cikin ladabi domin kada a faɗi wanda ya fi wani ƙarfi.

Famuyiwa ba shi ne farkon wanda ya tashi daga kujerar ba, ba kuma a kansa aka ƙare ba. Tun a Oktoban 2014 kamfanin ya shelanta fim ɗin. Phil Lord da Christopher Miller suka fara zana ƙashin labarin, sannan suka koma wa fim ɗin Han Solo na jerin Star Wars, inda su ma aka sallame su a Yunin 2017 ana tsakiyar ɗauka, aka kira Ron Howard ya ƙarasa. Bayansu aka ba Seth Grahame-Smith, marubucin littafi wanda bai taɓa ba da umarni a babban fim ba. A Afrilun 2016 ya tafi, makonni kaɗan bayan masu sharhi sun yi kaca-kaca da Batman v Superman, abin da ya sa hantar shugabannin kamfanin ta kaɗa.

Sunayen da aka yi ta kira

Bayan tafiyar Famuyiwa sai kasuwar hasashe ta buɗe. Zuwa watan Mayun 2017 sunaye huɗu ne suka fi yawo a jaridu: Robert Zemeckis, Matthew Vaughn, Sam Raimi da Marc Webb. Kowanne da hujjar da ta sa aka ambace shi. Zemeckis ne ya yi Back to the Future a 1985, kuma labarin The Flash labari ne na yaron da ya koma baya cikin zamani domin ya hana a kashe mahaifiyarsa, don haka ana ganin abin nema ya samu. Raimi ya yi Spider-Man sau uku tsakanin 2002 da 2007, Webb ya yi sau biyu bayansa. Vaughn ya farfaɗo da jerin X-Men a 2011, ko da yake shi ma yana da tarihin tashi daga kujera, domin a 2005 ya bar kashi na uku na X-Men ana gab da fara ɗauka, Brett Ratner ya gaje shi.

Jerin sunayen magada yakan tona abin da ke ran mai naɗi. Kamfanin da ya gwada sabbin jini biyu ya ga ba su lanƙwasu ba, sai ya koma neman waɗanda suka riga suka kawo riba a irin wannan aiki. Matsalar ita ce wanda ya kai wannan matsayi ya wuce a yi masa shifta. Rahotanni suka ce Raimi da Webb sun ce a kai kasuwa. Zemeckis yana da nasa fim ɗin a gaba. Cikin huɗun nan babu wanda ya zauna a kujerar.

A farkon 2018 aka ɗauko John Francis Daley da Jonathan Goldstein, abokan aiki biyu da suka sa hannu a rubutun Spider-Man: Homecoming. Su barkwanci suka fi karkata gare shi, jarumin fim ɗin kuwa yana son labari mai nauyi, har ya zauna da marubuci Grant Morrison suka rubuta nasu, kamfani ya ƙi karɓa. A Yulin 2019 su ma suka tattara. Andy Muschietti, ɗan ƙasar Ajantina wanda fim ɗinsa na ban tsoro, It, ya tara sama da dala miliyan 700, shi ya karɓa ya kuma kai aikin gaci. An fara ɗauka a Ingila a Afrilun 2021, fim ya fito a Yunin 2023, shekara biyar da 'yan watanni bayan ranar da aka sa wa Famuyiwa. Ya tara kimanin dala miliyan 270 a duniya, alhali an ruwaito cewa shirya shi kaɗai ya ci dala miliyan 200 ko fiye, ban da kuɗin talla da kason gidajen sinima. Faɗuwa ce mai zafi. Abin da ya rage na Famuyiwa a ciki shi ne Kiersey Clemons, wadda ta riƙe matsayin da ya ba ta duk da sauye-sauyen da aka yi. Shi kuwa ya koma jerin The Mandalorian tun daga 2019, inda ya ba da umarni a sassa da dama, daga baya ya zama cikin manyan masu shiryawa.

Lamba 51

Wanda ya tsallako tsohuwar gadar Kwara daga Asaba, gadar da aka kammala a 1965, ba zai yi nisa cikin Anaca ba sai ya faɗa Upper Iweka. Mahaɗa ce ta hanyar Inugu da ta Owerri, cike da tashoshin manyan motoci masu zuwa Legas, Abuja, Kano da Fatakwal, da 'yan kamasho masu jan rigar matafiyi tun bai faɗi inda za shi ba. Hausawan Anaca sun san wurin kamar tafin hannunsu. Ta nan albasa da tumatir da wake ke ratsawa, ta nan kuma ɗan cirani ke hawa mota idan damina ta kawo kai. A rumfunan cajin waya da tura fina-finai, sadaukan Amurka da na Indiya na shiga wayoyin matasa cikin fassarar Hausa, kuma da wuya mai saye ya tambayi wanda ya ba da umarni. Jarumi ake tambaya, sai kuma muryar mai fassara.

Wannan ɗabi'a tana da tushe a unguwar. Duk wanda ya kalli tallar fim a talabijin cikin shekarun 1990 da farkon 2000 zai tuna yadda mai shela ke rufewa da adireshi uku: Idumota a Legas, lamba 51 a titin Iweka na Anaca, da titin Pound a Aba. Waɗannan ne ofisoshin Nollywood na haƙiƙa. 'Yan kasuwar da ke zaune a shagunan nan, waɗanda da yawansu daga sayar da kayan lantarki da kaset marar komai suka faro, su ne masu zuba kuɗi, su ne masu buga kaset da faifai, su ne kuma masu rarrabawa. Ɗan kasuwa ne ke faɗin fuskar da za ta hau bangon kaset. Yakan sauya wa fim suna idan ya ga wanda aka sa ba zai ja mai saye ba. Yakan raba labari ɗaya gida biyu ko huɗu domin a saya sau biyu ko sau huɗu. Darakta kuwa ɗan ƙodago ne: a biya shi sau ɗaya, ya kwashi ma'aikata zuwa Inugu ko Asaba, ya gama ɗauka cikin mako ɗaya ko biyu, ya miƙa, ya nemi na gaba. Marigayi Chico Ejiro, wanda ya rasu a Disamban 2020, ya yi suna ne a kan wannan sauri, har aka yi masa laƙabi da yawan fina-finansa.

A irin wannan tsari ba a rubuta takardar ban kwana. Darakta ya yi gardama, a kira wani kafin la'asar.

Fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin masana'antar ma da sauyin darakta ya zo. Living in Bondage, wanda ya fito a 1992 cikin harshen Ibo, labarin Andy Okeke ne, mutumin da ya sadaukar da matarsa Merit ga ƙungiyar asiri domin ya yi kuɗi, fatalwarta kuma ta hana shi sakat. Kenneth Nnebue, ɗan kasuwar kayan lantarki a Idumota, shi ya zuba kuɗin ta kamfaninsa NEK Video Links, Okechukwu Ogunjiofor ya shirya. Wanda ya ba da umarni shi ne Chris Obi Rapu, amma sunan da ya fito a allo Vic Mordi ne, saboda Obi Rapu ma'aikacin Hukumar Talabijin ta Ƙasa ne, kuma ƙa'idar aikin gwamnati ba ta yarda ma'aikaci ya riƙa yin aikin waje ba. Ma'ana, daraktan fim ɗin da ya kafa Nollywood ma'aikacin tarayya ne da ya ɓoye sunansa gudun takardar tuhuma. Da aka zo kashi na biyu a 1993, Christian Onu ne a kujerar, Ogunjiofor ma sun raba gari da Nnebue. Kaset ya ci gaba da tashi a Iweka kamar ba abin da ya faru. Onu ya zarce ya yi wa Nnebue Glamour Girls a 1994, wannan karon da Turanci.

Ƙarfin 'yan kasuwar ya fito fili a 2004, lokacin da suka haɗa kai suka dakatar da manyan jarumai na tsawon shekara guda bisa zargin tsawwala kuɗin aiki. Cikinsu akwai Genevieve Nnaji, Omotola Jalade-Ekeinde, Richard Mofe-Damijo, Jim Iyke, Nkem Owoh da Ramsey Nouah. Waɗannan su ne fuskokin da ke sayar da kaya, amma aka ajiye su gefe aka ɗauko sabbi. Idan wannan ne rabon wanda hotonsa ke kan bango, mai karatu na iya ƙiyasta rabon wanda sunansa ke can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. A Kano ma, tun bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, 'yan kasuwar Bata da Ƙofar Wambai sun daɗe suna faɗin jarumin da zai sayar da yawan waƙoƙin da fim ke buƙata kafin su karɓe shi.

Abin da doka ta ce

Bambancin Famuyiwa da takwaransa na Iweka yana cikin takarda. A Amurka ma kamfani ne mai fim, darakta ma'aikacin haya ne a idon doka. Sai dai ƙungiyar daraktocin ƙasar ta shafe shekaru tana yaƙi har ta samo wa mambobinta wasu kariya da ke cikin kowace yarjejeniya. Daraktan babban fim yana da mako goma na haɗa fim ɗinsa yadda yake so kafin kamfani ya sa hannu. Akwai ƙa'idar yadda ake rubuta sunansa a allo da a fasta. Akwai kuma dokar da aka kafa bayan rikicin The Outlaw Josey Wales na 1976, inda Clint Eastwood, wanda shi ne jarumin fim ɗin, ya sa aka kori darakta Philip Kaufman ya haye kujerar da kansa. Tun daga nan ƙungiyar ta haramta wa jarumi ko furodusan fim ya kori darakta ya maye gurbinsa. Wannan ne ya sa duk lokacin da kujera ta zama ba kowa, dole a fita waje nema, kuma daga nan jerin sunayen magada ke samo asali.

Kariyar ba ta hana kora. An raba Richard Donner da Superman II a 1979 bayan ya ɗauki mafi yawansa, Richard Lester ya sake ɗaukar sassa da dama, kuma sai a 2006 masu kallo suka ga haɗin Donner. Zack Snyder ya bar Justice League a Mayun 2017 bayan rasuwar 'yarsa, Joss Whedon ya ƙarasa ya sauya masa kama, sai a Maris na 2021 aka saki na Snyder mai tsawon awa huɗu. A duka biyun dai akwai ma'ajiya, akwai yarjejeniya, akwai kuma wanda za a tuhuma.

A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, ta bi sawun tsohuwar doka a wannan gaɓa. Mawallafin fim a wurinta shi ne wanda ya yi tanadin shirya shi, sai fa idan waɗanda suka yi aikin sun ƙulla yarjejeniyar da ta ce akasin haka. A taƙaice, mai kuɗi. Ingila, wadda daga gare ta aka gaji wannan tsari, ta gyara nata tun tsakiyar shekarun 1990, ta mayar da furodusa da babban darakta mawallafa tare. A Faransa doka na lissafa darakta cikin mawallafan fim, kuma ba a cewa fim ya kammala sai da amincewarsa. Dokar Najeriya ta bar ƙofa a buɗe ta hanyar yarjejeniya, amma a masana'antar da aka gina a kan kiran waya da musafaha, ƙofar ba ta cika samun mai shiga ba. Ƙudirin kafa majalisar masu sana'ar fim, wanda aka fi sani da MOPICON, shi ne aka sa ran zai tsara irin waɗannan al'amura. Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya kafa kwamitin sake duba shi a 2016, matasan masana'antar suka yi masa ca bisa tsoron za a mayar da shi shingen hana sabbi shiga, kuma har yau bai zama doka ba. Tsoron nasu yana da tushe. Amma faɗuwar ƙudirin ta bar darakta inda Iweka ta ajiye shi.

Maganar ta wuce tarihi, domin kuɗin da ke shiga fim yanzu sun sha bamban da na zamanin kaset. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta ware naira biliyan 3 ga masana'antar a 2013. A 2023 aka kafa ma'aikata ta musamman domin fasaha, al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira, aka ba Hannatu Musa Musawa. A Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu, wanda shi kansa darakta ne kuma furodusa, shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos, aka ba Shaibu Husseini hukumar tace fina-finai ta ƙasa. Fim ɗin sadaukai kuwa ba a gama shi cikin mako biyu. Yana cin watanni ana zana kowane fage a takarda da kwamfuta kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, wasu watannin kuma bayan ɗauka ana ɗora siddabarun gani. Duk wannan a kan tunanin mutum ɗaya ake gina shi. Ya tashi, zane da rubutu da wani lokaci har 'yan wasa sukan bi shi. Ranar da wani asusun gwamnati ko banki zai zuba kuɗi a fim ɗin Gandoki ko Iliya Ɗan Maiƙarfi, ko ɗaya daga sadaukan da kamfanin Comic Republic na Legas ke zanawa tun 2013, hadimin da ke rubuta wa minista bayani zai ci karo da tambayoyin da Warner Bros. ta shafe shekara tara tana biyan kuɗinsu: wa ke da haɗin ƙarshe, wa ke naɗa magaji, kuma me ya rage wa wanda ya tafi. Sakin layi uku a takardar ba da tallafi sun isa su amsa su, kuma ba sa buƙatar zuwa Majalisa.

Kujerar da ta fi daɗewa ba kowa a Hollywood a 'yan shekarun nan ita ce ta Blade. A Yulin 2019 kamfanin Marvel ya gabatar da Mahershala Ali a matsayin jarumi. Bassam Tariq ya bar aikin a Satumban 2022 ana saura makonni a fara ɗauka, Yann Demange ya karɓa a Nuwamban shekarar ya kuma tafi a 2024, daga nan aka cire fim ɗin daga jadawalin fitowa. A ɗaya ɓangaren, ɗan Najeriyan da ya zauna a irin wannan kujera har ƙarshe shi ne Julius Onah, haifaffen Makurdi a jihar Binuwai, ɗan jami'in diflomasiyya. A 2022 aka ba shi Captain America: Brave New World. An sake rubutu, an koma an sake ɗaukar wasu sassa a 2024, aka ɗage ranar fitowa, shi dai yana nan. Fim ya fito a Fabrairun 2025, ya tara sama da dala miliyan 400, masu sharhi kuma ba su yaba ba. Suka ce hannun kamfani ya fi na darakta fitowa a cikinsa, wato kusan abin da Famuyiwa ya guda shekara takwas kafin nan.

A Iweka kasuwar faifai ta ja baya ƙwarai, YouTube da waya sun cinye ta, wasu daga cikin tsofaffin 'yan kasuwar sun buɗe tashoshinsu a intanet suna ɗauka a Asaba da saurin da aka saba. Shi kuwa Living in Bondage ya sami darakta na uku. A 2015 Charles Okpaleke ya sayi haƙƙin labarin daga hannun Nnebue, da takarda da sa hannu, aka yi ci gabansa mai suna Breaking Free domin sinima. Kenneth Okonkwo ya dawo a matsayin Andy Okeke, Kanayo O. Kanayo ma ya dawo. Fim ɗin ya fito a Nuwamban 2019, kuma wanda ya ba da umarni, a karonsa na farko a kujerar, shi ne Ramsey Nouah, ɗaya daga cikin waɗanda 'yan kasuwa suka dakatar a 2004.